Yadda ake tsara ragon saƙa da kwarashi, daga awo zuwa rubutaccen tsari

Wadda ta iya bin tsarin da wani ya rubuta ta riga ta mallaki hannun aikin. Abin da ya rage mata kafin ta fitar da nata shi ne lissafi kaɗan da haƙurin warwara. Wannan nau'in saƙa na ƙananan dabbobi da ake cusa wa auduga, wanda duniya ta sani da sunansa na Japananci, amigurumi, kusan dukkansa da gajeren ƙulli ake yinsa, ana zagayawa ba tare da rufe zagaye ba. Saboda haka siffar dabbar gaba ɗaya ta dogara da abu biyu: inda kika ƙara ƙulli, da inda kika rage.

Za mu ɗauki ragon uda a matsayin misali, domin yana da duk abin da ke ba mai tsari wahala: ƙafafu huɗu da dole su ɗauki jiki, kai mai tsawo, kunnuwa masu raɓewa, ƙaho mai murɗewa, ga kuma launi biyu, gaba baƙi ko ja-ja, baya fari.

Fara da awon hannunki

Kafin zane, kafin komai, ki zaɓi ulu da kwarashi ki tsaya a kansu. Lambar kwarashin da ke jikin takardar ulu ta masu saƙa riga ce da mayafi, inda ake son laushi. A nan ana son saƙa ta matse yadda auduga ba za ta leƙo ba, don haka ki sauko da milimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Ulun da aka rubuta wa 4, ki yi masa da 3 ko 2.5.

Kada ki auna hannunki a kan shimfiɗaɗɗiyar saƙa ta je-ka-dawo, domin ƙullin zagaye ya fi ta matsewa. Ki saƙa ƙaramar ƙwallo mai ƙulli 30, ki cusa mata auduga kamar yadda za ki cusa wa ragon, sannan ki ɗora tef ki ƙirga ƙulli nawa ke cikin santimita 5, da zagaye nawa. Cusawar tana da muhimmanci, domin ulun roba yana miƙewa sosai idan an matsa masa, zaren auduga kuwa da ƙyar yake motsawa. A misalinmu za mu ce an samu ƙulli 10 da zagaye 10 a santimita 5, wato biyu-biyu a kowace santimita. Idan naki ya bambanta, ki sa lambarki a duk lissafin da ke tafe.

Yanzu ki zana ragon a takarda da ainihin girman da kike so, sau biyu: ta gefe da ta gaba. Ba sai zanen ya yi kyau ba. Amfaninsa shi ne ki rarraba dabbar zuwa sassa masu sauƙi, ki rubuta tsawo da kaurin kowanne. Jiki doguwar ƙwallo ce, ƙafa bututu ne, ƙaho tsini ne, kunne aljihu ne da aka danne. A nan ne kuma za ki yanke shawarar abin da za ki ƙara wa gishiri. Dabbar saƙa da aka bi ainihin awon jikinta takan fito ba fara'a. Kan ya ɗan fi na gaske girma, ƙafafu su fi gajarta da kauri, kunnuwan uda kuwa ki bar su da tsawonsu, domin su da rabon launi ne za su sa a gane shi daga nesa.

Dalilin shida

Tsayin gajeren ƙulli da faɗinsa kusan ɗaya ne. Kewayen da'ira kuma ya ninka tazarar tsakiyarta zuwa bakinta sau shida da ɗan ɗoriya. Ke nan duk zagayen da kika ƙara, bakin saƙar yana bukatar ƙarin ƙulli shida kafin ya kwanta shimfiɗe kamar faifai: 6, 12, 18, 24, 30, 36. Idan kika ƙara ƙasa da shida, saƙar za ta lanƙwaso ta yi zurfi. Uku a kowane zagaye na ba da tsini mai faɗi, ɗaya ko biyu na ba da siriri. Idan kika wuce shida, bakin zai yi tattara. Idan ba ƙari ba ragi, bututu ne. Duk wata siffa da za ki gani a jikin dabbar saƙa daga waɗannan huɗun ta fito.

Jikin ragonmu kaurinsa santimita 7.5 ne. Ki ninka da 3.14, kewayen ya kama 23.5, ki ninka da ƙulli biyu, 47. Ki kai shi 48 don ya rabu shida. Ƙwallo mai kewayen ƙulli 48 tana bukatar zagaye 24 daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wato rabin kewayen. Takwas na ƙari ne, bakwai na ragi, saura tara na tafiya daidai. Amma jikin muna son tsawonsa ya kai santimita 13, ƙarin biyar da rabi ke nan a kan ƙwallo, wato zagaye 11. Sai tsarin ya zama haka, an fara daga gindi da farin ulu:

Zagaye 1 zuwa 8: ƙari shida-shida, daga 6 zuwa 48.
Zagaye 9 zuwa 17: daidai, 48.
Zagaye 18 zuwa 28: canza zuwa baƙi, daidai, 48.
Zagaye 29 zuwa 35: ragi shida-shida, 42, 36, 30, 24, 18, 12, 6.

Akwai abin da ke ɓata wannan lissafi a ido ko da ya yi daidai a takarda. Idan ƙarin kowane zagaye ya hau kan na ƙasansa, da'irar takan fito da kusurwa shida, ga layuka shida a bayyane. Maganinsa shi ne a riƙa gusar da wurin ƙarin a zagaye masu lambar da ke rabuwa biyu. A zagaye na 4, maimakon ƙulli biyu sannan ƙari (wato ƙulli biyu a cikin ƙulli ɗaya), ki yi ɗaya, ƙari, ɗaya. A na 6, biyu, ƙari, biyu. A na 8, uku, ƙari, uku. Haka ma wajen ragi.

Wannan hanya ta shida-shida tana ba da ƙarshe mai ɗan faɗi, wanda ya dace da gindin rago. Idan kina son ƙwallo mai zagaye sosai, kamar kan kyanwa, ƙarin dole ya riƙa raguwa a hankali yayin da ake kusantar tsakiya. Ga jerin da ke aiki ga ƙwallo mai 36: 6, 12, 18, 23, 28, 31, 34, 35, 36, sannan a sauko ta hanyar da aka hau. Ya fi wuyar rubutawa da bi, shi ya sa yawancin masu tsari ba sa damuwa da shi sai inda siffar za ta fito fili.

Kai, inda aikin yake

Kan rago ba ƙwallo ba ne, kuma a nan ne za ki fi warwara. Ki fara daga baki ki tafi ƙeya. Dabarar ita ce tara dukkan ƙarin a gefe ɗaya, wanda zai zama goshi, a bar haɓa ta tafi a miƙe.

Zagaye 1 zuwa 3: 6, 12, 18.
Zagaye 4 da 5: daidai, 18.
Zagaye 6: (ɗaya, ƙari) sau 6, sannan 6 daidai, 24.
Zagaye 7: daidai, 24.
Zagaye 8: (biyu, ƙari) sau 6, sannan 6 daidai, 30.
Zagaye 9: daidai, 30.
Zagaye 10: (uku, ƙari) sau 6, sannan 6 daidai, 36.
Zagaye 11 zuwa 15: daidai, 36.
Zagaye 16 zuwa 20: 30, 24, 18, 12, 6.

Ƙullai shida da ake bari ba ƙari su ne ƙarƙashin haɓa. Sai dai saƙar zagaye tana da wata ɗabi'a: kowane ƙulli ba ya zama daidai a kan na ƙasansa, yakan ɗan karkata gefe. Bayan zagaye huɗu ko biyar za ki ga layin haɓar ya fara murɗawa, fuskar ta yi kamar tana kallon gefe. Ki riƙa dubawa. In ya gusa, ki ci gaba da saƙa ƙulli ɗaya daidai bayan ƙarshen zagaye ki matsar da alamar farkon zagayen zuwa can, ba tare da canza jimilla ba, kuma ki rubuta hakan a tsarin da lambar zagayen. Yawan karkatar ya danganta da hannu. Masu ɗauko zare ta ƙarƙashin kwarashi, waɗanda ƙullinsu ke fitowa kamar alamar X, saƙarsu ta fi matsewa kuma ba ta karkata kamar ta masu ɗora zaren ta sama. Ki faɗi wacce kika bi, domin tana canza girman dabbar ma.

Wajen ragi, kada ki tsallake ƙulli, rami zai bari. Kowane ƙulli yana da sili biyu a samansa, na gaba da na baya; ki sa kwarashi a silin gaba na ƙulli na farko, ki wuce silin gaba na na biyu, ki ja zare ta cikinsu, sannan ki ƙarasa kamar kullum. Ragin zai ɓace a cikin saƙar. Wannan yana aiki ne kawai idan fuskar saƙar ce a waje. Idan kina ganin gajerun layuka a kwance tsakanin ƙullai, bayan saƙar ne ya fito, sai ki juya ta tun tana ƙarama.

Idon rago a gefen kai yake, ba a gaba ba. Ki gwada da fil mai baƙin kai kafin ki kafa komai: tsakanin zagaye 10 da 11, da tazarar ƙulli 12 ta saman goshi, wuri ne mai kyau na farawa. Matsar da ido da ƙulli ɗaya tak yana mayar da rago ɗan tunkiya ko kare, don haka ki ɗauki hoto a kowane gwaji ki kwatanta. Idon roba mai maɓalli ta ciki, milimita 8 ko 9 ya isa wannan girma, ana sa shi kafin a rufe kan. Amma idan abin wasan na yaron da bai kai shekara uku ba ne, ki ɗinka idon da baƙin zare. Maɓallin yana riƙe idon ne, ba ya hana shi zamewa ta tsakanin ƙullai idan saƙar ta saki, kuma abu ne da yaro zai iya haɗiyewa. A kan baƙin kai, ki fara ɗinka ɗan fari ko ruwan ƙasa a ƙarƙashi, in ba haka ba idon ba zai fito ba.

Ƙafafu, wuya, kunne da ƙaho

Ƙafa: 6, 12, sannan zagaye ɗaya a silin baya kaɗai, wanda ke karya saƙar ya ba da tafin da ke zama a ƙasa. Daga nan zagaye 10 daidai. Biyu baƙaƙe, biyu farare. Kaurin ya kusa santimita 2, tsawon 5. Idan kika ƙara tsawo ba ki ƙara kauri ba, ƙafar za ta lanƙwashe a ƙarƙashin jiki komai yawan audugar da kika cusa. Kada ki sa waya a abin wasan yara don gyara wannan. Ki gajarta ƙafar ko ki kai kewayenta ƙulli 14.

Wuya shi ne wurin da yawancin samfur na farko ke faɗuwa. Ki yi bututu mai ƙulli 18 zuwa 20, zagaye huɗu, buɗe a duka ɓangarorin. Ki ɗinka shi a jiki, ki cusa auduga, ki fara ɗinka kai, idan saura kashi ɗaya cikin huɗu a rufe sai ki ƙara tura auduga da bayan fensir har wuyan ya yi tauri. Kan da ke lilo kusan kullum daga wannan ɗan gurbin ne da aka bari ba cikawa.

Kunne: 6, 9, 12, zagaye shida daidai, 9, a danne ba auduga, a naɗe bakin biyu kafin a ɗinka don ya raɓe ƙasa.

Ƙaho ana iya lanƙwasa shi da ƙulli, dogo a waje gajere a ciki, amma dogon ƙulli yana barin ramuka, karkatar zagaye kuma tana murɗa lanƙwasar inda ba a so. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a saƙa tsini a miƙe: 4, 6, sai ƙari ɗaya bayan kowane zagaye uku har ya kai 10, tsawon zagaye 18. A cusa auduga sama-sama. Sannan a zura zare a allura, a bi gefe ɗaya daga tsini zuwa gindi ana shiga ana fita, a ja har ya nannaɗe yadda ake so, a ɗaure. Ki lura ƙahon dama da na hagu su fuskanci juna, kada su murɗa gefe guda.

Haɗawa da gwajin tsayuwa

Canjin launi a zagaye na 18 zai bar ɗan mataki, tunda zagayen ba ya rufewa. Ki jawo baƙin zaren a matakin ƙarshe na farin ƙulli na ƙarshe, sannan idan kin gama jikin ki juya shi yadda matakin zai koma ƙarƙashin ciki. Daga nan ne za ki ƙirga wurin ƙafafu.

Ki kafa kowane sashe da fil kafin ki ɗinka ko ɗaya. Ƙafafun baya a kan zagaye 10 zuwa 13, na gaba a kan 24 zuwa 27, da ƙulli shida tsakanin dama da hagu. Ki ajiye ragon a tebur da kai da ƙaho duk a jiki. Mafi yawan lokaci zai kife ta gaba, domin kai da ƙaho sun yi wa ƙafafun gaba nauyi. Gyara uku ne, a jere daga mai sauƙi: matsar da ƙafafun gaba zagaye ɗaya ko biyu zuwa ƙirji, miƙar da wuya sama maimakon gaba, ko rage kan daga 36 zuwa 30. Wasu kan sa nauyi a gindi. In za ki yi haka, ƙwayoyin roba ne a ɗaure cikin safa, kuma ba don jarirai ba. Shinkafa da wake suna jawo ƙwari, suna kuma ruɓewa ranar da aka yi wanki.

Abin cusawa ma yana cikin tsari. Faibar da ake cika matashi da ita ta fi dacewa, tana wankuwa tana bushewa da wuri. Audugar rimi tana da sauƙin nauyi, amma sai an tsince 'ya'yanta, tana fitowa ta tsakanin ƙullai, ba ta son wanki, kuma tana saurin kama wuta. Audugar gona takan dunƙule ta yi nauyi. Kowacce ce, ki riƙa yago ta ƙanana kina turawa gefe-gefe kafin tsakiya. Idan fari ya fara leƙowa ta baƙin ɓangaren, ko kin cika da yawa ko kwarashinki ya yi girma. Kuma kafin ki haɗa baƙin ulu ko ja da fari a jiki ɗaya, ki jiƙa guntunsa da ruwan ɗumi da sabulu ki matse a farin ƙyalle. In ya zuba, canza shi tun yanzu.

Gyara da rubutawa

Ki rubuta kowane zagaye a lokacin da kika gama shi, ba bayan kin gama sashen ba. In kin warware, ki ja layi a kan abin da kika rubuta, kada ki goge, domin sau da yawa gwaji na biyu ya fi na huɗu kuma za ki so komawa. Samfur na farko kada ki warware shi gaba ɗaya. Ki ajiye shi a gefe ki saƙa na biyu kusa da shi, kina canza abu ɗaya a kowane sashe. Idan kika canza tsawon baki da wurin ido da girman kunne lokaci guda, fuskar ta gyaru ko ta lalace, ba za ki san wanne ne sanadi ba.

Idan kin zo tsabtace rubutun, kowane layi ya ƙare da jimillar ƙullinsa, kuma ki bincika shi ta fuska biyu: ƙulli nawa ya ci daga zagayen baya, nawa ya bari. Misali (biyu, ƙari) sau 6 yana cin 18 ya bar 24. Idan aka haɗa da ƙulli shida daidai na ƙarshe, ya ci 24 ya bar 30. Idan abin da ya ci bai yi daidai da jimillar layin sama ba, akwai kuskure, ko da samfurinki ya fito lafiya, domin hannunki ya gyara abin da alƙalaminki bai gyara ba. Wurin ɗinka kowane sashe ma a ba shi lambar zagaye da tazarar ƙulli. "A ɗinka kunne a gefen kai" ba umarni ba ne.

Idan za ki fitar da tsarin da Turanci, ki faɗi salon da kika bi tun a sama. Gajeren ƙullin da Amurkawa ke rubutawa sc, mutanen Ingila dc suke ce masa, alhali dc a wurin Amurkawa dogon ƙulli ne mai ninkin tsayi. Wadda ta ruɗe a nan za ta samu dogon rago mai ramuka. Tsarin Japanawa da alamomi yake zuwa: X gajeren ƙulli, V ƙari, V a kife ragi.

Yawan ulu kada ki yi kintace. Ki auna kowane dunƙule a ƙaramin sikeli kafin ki fara da bayan kin gama, ki ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda bambancin hannu da jelar ɗinki. Mai son babban rago kuma, hanya mafi sauƙi ita ce ulu mai kauri da babban kwarashi a kan tsarin nan. Idan kika ninka ƙullai da zagaye biyu, ulun zai ninka huɗu, audugar takwas, ƙafafun da suka ɗauki ƙaramin ba lallai su ɗauki babban ba, sai an sake lissafinsu.

Mataki na ƙarshe shi ne ba wa mutum biyu ko uku takardar kaɗai, ba tare da samfur a gabansu ba kuma ba tare da kin tsaya kina bayani ba. A cikinsu a samu sabuwar hannu, domin gwana takan cike gurbin da kika bari ba ta ma lura ba. In da hali a samu bahaguwa: zagayenta yana tafiya ta ɗaya ɓangaren, don haka duk inda kika rubuta dama ko hagu, ko kika gusar da alama don gyara karkata, a wurinta zai fito a juye. Ki roƙe su su auna tsawon ragon da suka samu, su ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe, su kuma nuna duk layin da suka karanta sau biyu kafin su gane. Ɗaya daga cikin samfuran a wanke shi da hannu, a shanya a inuwa, a ja kunne da ƙaho da ƙarfi kamar yadda yaro zai ja. Inda ɗinki ya buɗe, ki ƙara wa tsarin umarnin a zagaya wurin sau biyu, a kuma ɓoye jelar zaren ta ratsa jiki sau uku, kowanne ta fuska daban, kafin a yanke.